Kundin Aikin Gwajin Takin Silikon a Ƙasar Jigawa ta Damagaram

20 ga Afrilu, 2024

Mun buɗe wannan kundi domin mu riƙa rubuta yadda gwajin takin silikon yake tafiya a wata gonar jigawa da ke kudu da Zinder, a kan hanyar Magariya. Manomi zai fara tambaya ne a kan yawan damman hatsi, kuma za mu ƙirga su idan kaka ta yi. Amma abin da ya tara mu shi ne abin da wannan taki zai yi wa ƙananan halittun cikin ƙasa, wato bakteriya da funfuna, waɗanda suke ruɓar da kara da ganye da kashin dabbobi har su koma abincin shuka. Ƙasarmu ta jigawa talaka ce ta wannan fuska, domin a yawancin gonakin yashi na Sahel sinadarin kabon da ruɓaɓɓun tsirrai suke bari bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. Duk abin da zai hanzarta ruɓewa a irin wannan ƙasa yana iya ciyar da shukar bana, ya kuma cinye ɗan abin da ya kamata ya saura wa baɗi, saboda haka ya wajaba a auna shi kafin a yi wa kowa tallarsa.

Silikon shi ne sinadari na biyu mafi yawa a ɓawon duniya bayan iskar oksijin, kusan kashi 28 cikin 100 na nauyinsa, kuma yashin da muke takawa kusan duka silika ne, wato silikon haɗe da oksijin. Sai dai silikar yashi a daskare take cikin ƙwayar dutse, ruwa ba ya narkar da ita sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali saiwa ba ta shan silikon sai wanda ya narke cikin ruwan ƙasa. Halin hatsinmu ke nan, kamar mai jin yunwa da ke zaune a gindin rumbun da aka kulle. Dangin ciyawa, wato shinkafa da rake da hatsi da dawa da masara, su ne suka fi shan silikon, suna jibge shi a fatar ganye da kara, shi ya sa gefen ganyen rake yake yankan hannu. Shinkafa tana iya tara shi har kusan kashi 10 cikin 100 na busasshen nauyinta, kuma a 2006 masanin nan Jian Feng Ma da abokan aikinsa a Japan suka gano hanyar da saiwarta take shigar da shi.

A nan Damagaram, da zarar an yi girbi sai a kwashe kara kaf, wani ya tafi ga dabbobi, wani ga darni da rumfa, wani ga murhu. Silikon ɗin da shuka ta sha yana tafiya da karan ke nan kowace shekara, ba ya komowa sai ga wanda yake kai taki da tokar gida gona.

Mun raba wurin gwajin zuwa fangali 16, kowanne mita 5 a kan mita 5, iri huɗu sau huɗu. Na farko babu ƙarin komai, na biyu tokar ɓuntun shinkafa, na uku garin silikat na kalsiyam, na huɗu kuma farar ƙasa tsantsa, wadda ba ta da silikon. Wannan na huɗun shi ne ginshiƙin aikin a wurina. Silikat na kalsiyam yana rage tsamin ƙasa kamar yadda farar ƙasa take yi, kuma an daɗe da sanin cewa tsami yana daga cikin manyan abubuwan da suke ƙayyade irin bakteriyar da za ta rayu a wuri. Idan babu fangalin farar ƙasa, duk canjin da muka gani za mu jingina wa silikon, alhali mai yiwuwa aikin raguwar tsami ne.

11 ga Mayu, 2024

Ɓuntun ya iso daga masu cashe shinkafa na ɓangaren Haɗeja, kuma mun ƙone shi a makon nan. Ƙunar tana buƙatar haƙuri, domin tokar ɓuntu fiye da kashi 80 cikin 100 silika ce, amma idan zafin wuta ya haura wajen digiri 800 sai silikar ta daskare ta koma kusa da halin yashi, ta daina narkewa. Saboda haka muka yanka ganga, muka huda gindinta, muka kunna wuta daga ƙasa muka bar ta tana ci a hankali ba tare da harshe ba. Da safe saman tarin ya yi fari-fari, can ciki kuma toka-toka da ɗigon baƙi, kuma kowace ƙwayar ɓuntu tana nan da siffarta, sai an murza ta tsakanin yatsu take rugujewa ta zama gari mai ƙaiƙayi. Mun sa kowa ya rufe hanci da baki, domin ƙurar silika tana yi wa huhu lahani.

Mun rubuta tun yanzu cewa toka ba silikon kaɗai take ɗauke da shi ba, akwai potas a cikinta da ɗan gawayin da bai gama ci ba. Garin silikat kuwa mun nemi takardar gwajinsa kafin mu karɓa, saboda irin wanda ake samu daga dattin masana'antar ƙarfe, wanda Japan take zuba wa gonakin shinkafa tun shekarun 1950, yana iya zuwa da ƙarafa masu guba idan ba a tantance shi ba.

2 ga Yuni, 2024

An watsa takin, an gauraya shi da saman ƙasa da hauya. Mun nisanta fangalin daga inuwar gawo, domin ƙasar gindin gawo ta riga ta fi sauran ƙarfi saboda ganyen da yake zubarwa da shigowar damana da kashin dabbobin da suke kwana a inuwarsa da rani. Mai gonar, dattijo ne da ya san kowane lungu nata, ya ɗebi tokar ya murza, sannan ya ce da ni, "Malam, yashi za ku ƙara wa yashi?" Na ce masa, "Baba, wannan yana narkewa, na gonar kuwa ba ya narkewa, abin da muka zo dubawa ke nan." Ya yi shiru, sannan ya nuna mana gefen gabas ya ce akwai gidan gara a ƙarƙashinsa, mu yi lissafi da shi. Mun sa alamar wurin a taswirar gona.

Don auna ruɓewa mun yayyanka karan hatsin bara, muka auna nauyi ɗaya muka zuba cikin ƴan jakunkuna, muka binne su ba da zurfi ba. Jakunkunan iri biyu ne. Masu manyan huji gara tana iya shiga, masu ƙananan huji kuwa na ragar ƙarfe ne, ba abin da zai ratsa su sai ruwa da bakteriya da funfuna. Bambancin nauyin da zai ɓace tsakanin iri biyun shi ne zai nuna mana rabon gara da rabon halittun da ido ba ya gani.

6 ga Yuli, 2024

An yi shuka, irin hatsin da ake kira HKP da wake a tsakani, taki ɗaya ga kowa: giram 6 na takin zamani 15-15-15 a kowane rami, gwargwadon cikin murfin kwalbar lemo, kamar yadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta yaɗa. Mun yi haka ne domin kada yunwar fosfor, wadda ita ce babbar matsalar ƙasar jigawa, ta rufe mana duk wani bambanci.

Ruwan farko shi ne lokacin da ya fi muhimmanci ga ƙananan halittu. Watanni takwas ko fiye suna kwance a busasshiyar ƙasa, wasu sun mutu, wasu sun daskare, to da ruwa ya sauka sai masu rai su farka su afka wa gawar matattun da duk wani ɗan abinci, iskar kabon ta tashi da yawa, azot irin wanda takin ure yake bayarwa ya saku cikin ƴan kwanaki. Wani masani mai suna Birch ya bayyana wannan a 1958 daga aikin da ya yi a gabashin Afirka. Ƙamshin nan na ƙasa bayan yayyafin farko ma daga wani rukunin bakteriya yake fitowa. Manomanmu sun san amfanin abin tun fil azal, shi ya sa suke gaggawar shuka da ruwan farko, har wasu su yi binne tun ƙasa tana bushe.

Mun auna wannan numfashin ƙasa ta hanya mai sauƙi. Ana zuba ƙasar kowane fangali cikin kwalba, a jiƙa ta daidai wa daida, a ajiye ɗan ƙoƙon ruwan soda irin ta haɗa sabulu a ciki, a toshe. Sodar tana kama iskar kabon da halittun suke fitarwa, daga baya a ɗiga mata asid har launinta ya juya, a lissafa abin da ta kama. Duk kwalaben sun nuna tashin farko mai ƙarfi sannan suka lafa. Kwalaben silikat sun fi na fangalin da ba a sa wa komai ba, amma na farar ƙasa sun taka musu sawu kusan kafaɗa da kafaɗa, na toka kuma suna tsakiya. Idan haka ta tabbata a awo na gaba, yawancin abin da silikat ya yi wa bakteriya a makonnin farko ta hanyar rage tsami ya yi shi.

Akwai hanya ta biyu da nake sa ido a kanta. Narkakken silikon yana takara da fosfor a kan wuraren da tsatsar ƙarfe da alminiyam suke riƙe shi a jikin ƙwayoyin ƙasa, yana iya ture shi ya saku cikin ruwa. Ƙananan halittu ma suna jin yunwar fosfor kamar shuka, don haka sakinsa yana iya ƙara musu kuzari. Wannan sai awon ɗakin gwaji ya raba mana gardama.

10 ga Agusta, 2024

Mun tono kashin farko na jakunkuna, kuma abin da muka tarar ya cancanci a tsaya a kansa. A jakunkuna masu manyan huji gara ta yi wa karan rufin laka, ta shiga ta bakin yanka ta cinye ɓargon ciki, ta cika gurbinsa da ƙasa, har karan ya yi nauyi a hannu alhali rabinsa babu. Sai da muka wanke su a hankali a kan rariya, muka shanya, muka ƙone wani ɓangare don mu cire nauyin yashin da ya maƙale, kafin awon ya yi ma'ana. Abin da ta bari shi ne ɓawon waje, mai santsi da tauri, inda silika ta fi taruwa. A jakunkunan ragar ƙarfe kuwa karan yana nan da siffarsa, ya yi duhu ya yi laushi, fararen zaruruwan funfuna sun bi tsawonsa, kuma farce yana shiga cikinsa ba wuya.

A masu manyan huji babu wata alaƙa da ta fito tsakanin irin takin da yawan abin da ya ɓace. Abin da ya raba su shi ne kusanci da gidan garar da mai gona ya nuna mana: na gabas kusan sun ƙare, na yamma da sauransu, kowane irin taki aka zuba. A masu ƙananan huji ne aka ga ɗan fifiko ga silikat da farar ƙasa, kuma shi ma ƙarami ne idan aka gwada shi da aikin gara.

Wannan yana da nauyi a wurina, domin yawancin binciken da aka yi kan silikon da ruɓewa an yi shi ne a gonakin shinkafa na Asiya da dausayin Turai, inda ruwa yake kwance kuma gara ba ta da ta cewa. A can an nuna, misali a Koriya ta Kudu, cewa takin silikat mai ɗauke da ƙarfe yana rage iskar metan da take tashi daga fadamar shinkafa. Sakamako ne mai kyau, amma na ƙasar da ba iska a cikinta ne, ba ya sauka kai tsaye a kan jigawar da take bushewa kwana kaɗan bayan ruwa. A nan gara ce take fara ɗaukar kara, ta kai shi cikin raminta, halittun cikinta da funfunar da wasu irinta suke nomawa su ƙarasa shi a can ƙasa, nesa da inda muka watsa taki. Masu yin tassa sun daɗe suna cin moriyar wannan, domin takin da suke zubawa a rami shi yake jawo gara ta huda fako ruwa ya shiga.

Mun tumɓuke wake kaɗan daga kowane fangali muka duba ƴan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, inda bakteriyar da take kamo azot daga iska take zaune. Wanda aka fasa aka ga cikinsa ja-ja yana aiki. Sun fi yawa a fangalin da tsaminsu ya ragu, wanda ya dace da abin da aka sani cewa wannan bakteriya ba ta son ƙasa mai tsami.

8 ga Satumba, 2024

Ruwan bana ya wuce misali, har tsohon masallacin unguwar Birni ta Zinder ya rushe a farkon watan nan. A gonar gwaji ruwa ya yanko ta gefen arewa, ya kwashi saman ƙasar layi ɗaya daga cikin layukan fangali huɗu ya zuba a kan maƙwabcinsa, ya tafi da wasu jakunkuna. Mun cire wannan layi daga lissafin ƙasa, saura uku. Mun kuma ɗebi ƙasa daga zurfi daban-daban, domin narkakken silikon yana bin ruwa, kuma a yashi irin wannan yana iya sauka ƙasa da inda saiwar wake take kaiwa.

19 ga Oktoba, 2024

An girbe, an ɗaure, an auna zangarniya da kara na kowane fangali dabam. Bambancin amfanin gona bai kai wanda zan iya tsayawa a kansa da layi uku na damana ɗaya ba. A jikin shukar ne silikon ya nuna kansa ba tare da farar ƙasa ta bi shi ba: ganyen fangalin toka da na silikat ya fi kaushi a hannu kuma ya fi tsayawa, masu yankan kara ma sun ce ya fi cin bakin lauje. Mun tsaga kara mun ƙirga ramukan tsutsa, an ajiye lissafin don a haɗa da na baɗi.

Daga nan aikin ya shiga kashinsa na biyu, wanda nake ganin ya fi na farko muhimmanci. Zuwa yanzu mun duba abin da takin yake yi wa halittu idan yana cikin ƙasa, amma akwai abin da yake yi ta hanyar canza karan kansa. Gina jiki da silika ya fi wa tsiro araha a kan gina shi da sinadaran kabon masu tauri irin su lignin, kuma an ga cewa ciyawar da ta sha silikon da yawa takan rage wasu daga cikinsu. Hankali zai ce kara mai tauri zai daɗe bai ruɓe ba, amma gwaje-gwajen da aka yi a kan ciyawar dausayi a Jamus da tattakar shinkafa a Asiya sun nuna cewa mai silikon yana iya riga ruɓewa. Wanne ne zai faru da karan hatsi a ƙasarmu, kuma gara za ta guje wa mai kaushin ko ba ruwanta, shi ne abin da za mu binne jakunkuna a kansa. Mun saye karan daga hannun mai gona a kan kuɗin da ake sayar da shi, domin abincin dabbobinsa ne na rani, muka adana na kowane fangali dabam a kan rumfa inda gara ba za ta kai ba.

14 ga Disamba, 2024

Hazo ya sauka, kuma shi ma yana cikin lissafinmu. Kaso mai yawa na ƙurar hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, tsohon gindin babban tafkin da ya ƙafe, wanda ƙasarsa take cike da ɓawon wasu ƙananan tsirran ruwa da suka gina jikinsu da silika. Wannan silika ta halitta ta fi ta yashi saurin narkewa nesa ba kusa ba, ga kuma kalsiyam da potas da ƙurar take kawowa. Ke nan fangalin da muka ce ba a sa masa komai ba yana samun nasa rabo daga sama kowace shekara. Mun kafa robobi masu faɗi a kan sanduna, muka zuba duwatsun gilashi a ciki don kada iska ta sake kwashe abin da ya sauka, za mu tara ƙurar har ƙarshen Maris a auna.

A ƙasa kuwa komai ya tsaya. Jakunkunan ragar ƙarfe da muka bari ba su rage nauyi ba tun bayan ɗaukewar ruwa, gara ce kaɗai take aiki da dare.

22 ga Fabrairu, 2025

Sakamakon farko na ɗakin gwaji ya fito. Tsamin ƙasa ya ragu a fangalin silikat da na farar ƙasa kusan daidai, ya ragu kaɗan a na toka. Narkakken silikon ya ƙaru a fangalin silikat da na toka, bai motsa ba a na farar ƙasa, wanda ya nuna cewa tsarin gwajin yana raba abubuwan biyu kamar yadda muka nufa. Awon fosfor da na kabon yana hanya, kuma ba na sa ran kabon zai nuna canji a shekara guda, domin abu ne da yake motsawa a hankali.

Manoman unguwar sun fara tambaya ko su nemi takin, musamman da aka fara kawo musu tallar wasu ruwan feshi masu silikon cikin kwalabe. Abin da muka faɗa musu a zaman da muka yi a ƙofar mai gari shi ne cewa wanda ake fesa wa ganye ba shi ne muke gwadawa ba, kuma ba mu da hujjar da za mu ce wa mutum ya fitar da jikkunansa a kan silikat. Wanda yake da tokar murhu da ƙaiƙayi da takin dabbobi ya ci gaba da kai su gona, wanda kuma zai iya barin wani ɓangare na kara a kwance ya bari, domin waɗannan suna mayar da silikon da kabon tare.

Shirin damana mai zuwa ya kammala. Ba za mu ƙara taki a tsofaffin fangali ba, domin mu ga tsawon lokacin da zubi ɗaya yake aiki. Za a binne karan mai silikon da marar silikon gefe da gefe a kowane fangali, cikin jakunkuna iri biyu, a nisa ɗaya daga gidan gara. Za mu ƙara awon danshi bayan kowane ruwa, tun da an nuna cewa silika marar daskarewa tana taimaka wa ƙasa riƙe ruwa, kuma a jigawa ƙarin kwana ɗaya na danshi ƙarin kwana ɗaya ne na aikin ƙananan halittu. Mun kuma samu wata gonar rake a kwarin Korama, wajen Matamaye, inda ƙasa take da laima kusan duk shekara, za mu kafa fangali huɗu a can don kwatance. Ragar ƙarfen sababbin jakunkuna ta iso, ɗinkinsu zai fara bayan azumi.